Durƙuson Julius a Pangkor

Julius ya kira ni ran Talata ina cikin jirgin ƙasa na LRT, ya ce yana da magana amma kada Rachael ta ji. Na ce ya faɗa mana, ai Rachael tana wurin aiki. Ya ce ba maganar waya ba ce. Haka na zauna a mamak ɗin ƙasan gidanmu, shagon shayin Indiyawan nan, har shayina ya huce, kafin ya iso daga Bukit Jalil da baƙin gilashi a fuska, alhali tun rana hadari ya rufe garin.

Sunana Anita, daga Kafanchan nake, ina digiri na biyu a wata kwaleji a Setapak, wata unguwa a Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya. Rachael 'yar Pankshin ce, shekara biyu muna haya tare a hawa na tara. Aikinta amsa wayar kwastomomi a wani kamfani. Daga safe zuwa yamma mutane suna zaginta a kan laifin da ba nata ba, tana ba su haƙuri. Ina ganin wannan aikin ne ya horar da ita har ta iya zama da Julius shekara uku.

Shi kuwa Julius ɗan Sabon Tasha ne a Kaduna, aikin kwamfuta yake yi. Amma ka tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara wuyan riga ya ce shi matafiyi ne. Yana da shafi inda yake zuba bidiyon wuraren da ya je. Ya je Melaka, ya je Penang. Na taɓa tambayarsa me ya gani a Melaka, sai ya zaro waya yana nema.

Ya zauna, ya waiga hagu da dama kamar wanda 'yan sanda suke nema, ya ciro wani ɗan akwati ya buɗe. Zobe ne.

"Ran Asabar," in ji shi. "Tsibirin Pangkor. Farin yashi, rana tana faɗawa cikin teku, mu biyu a kwale-kwale. Zan durƙusa. Ke ce mai kyamara."

"Ku biyu a kwale-kwale, ni kuma a ina? Cikin ruwa?"

"Abeg, Anita, ki bar wasa. Wannan bidiyon ne zai ɗaga shafina."

Na ji sarai abin da ya ce zai ɗaga. Saboda Rachael na yarda. Na san tun yaushe take jiran ranar nan.

Ran Asabar da sassafe muka hau bas daga tashar TBS zuwa Lumut, tafiyar awa huɗu. Julius ya gaya wa Rachael hutu ne kawai za mu je, amma ta zo da farar riga saboda hoto. Duk hanya bai kalli taga ba. Waya ya ɗaga sama yana magana da Turancin hanci, irin wanda ban taɓa ji a bakinsa ba idan yana neman a ƙara masa tuwo. Rachael ta jingina da kafaɗata. Na kalli hannunta, na ga ta shafa sabon jan farce, ita da ba ta damu da shi ba.

Ta ga ina kallo. Ta matso bakin kunnena ta ce, "Na sani, Anita. Kada ki ce komai."

"Ni na ce wani abu?"

"Aljihunsa na dama. Tun daga tasha yake taɓa shi."

Ta yi murmushi, ta rufe ido. Ban taɓa ganin fuskarta a sake haka ba.

A Lumut muka shiga jirgin fito. Tun kafin mu ga garin Pangkor da kyau, warinsa ya tarbe mu a tsakiyar ruwa. Busasshen kifi. Wanda ya taɓa ratsawa ta layin masu kifi a kasuwar Terminus a Jos ya san warin, sai dai a nan garin duka ne layin. Da muka sauka ban ga farin yashi ba. Na ga jiragen kamun kifi masu fenti shuɗi da ja a jere, tsofaffin tayoyi rataye a jikinsu, na ga gidajen katako a tsaye bisa sanduna cikin laka, na ga tabarmi shimfiɗe da ƙananan kifaye suna shan rana.

Na ce, "Julius, ina yashin?"

Ya duba waya. Ya juya ta. Ya ƙara dubawa. Ashe yashin yana ɗaya gefen tsibirin, bayan tsauni. Matafiyinmu ya ga sunan Pangkor a jikin otal, ya kama mana ɗakuna a garin masunta.

Garin kansa, Allah ya yafe mini, ban ga abin da zai sa mutum mai hankali ya yi awa huɗu a bas dominsa ba. Titi ɗaya ne na kirki, shaguna hagu da dama, kusan duka busasshen kifi suke sayarwa, kowa yana zaune yana kallon na maƙwabcinsa. Babu mai sauri. Masu babur suna tafiya kamar suna rakiyar gawa. Wata kyanwa ta kwanta a tsakiyar hanya, motar haya mai launin ruwan hoda ta zo ta tsaya, direban bai danna oda ba, ya jira ta gama miƙa ta tashi. A otal ɗin ba mu tarar da kowa ba sai fanka tana juyawa. Muka yi ta sallama. Daga baya wani tsohon Basine mai shagon da ke gefe ya leƙo da singileti, ya buɗe durowa, ya miƙo mana makullai biyu, bai tambayi sunan kowa ba, ya koma kan kujerarsa.

Abinci ma haka. Muka zauna a wani kedai, ƙaramin gidan abinci na wata dattijuwar Bamalaya a bakin ruwa, muka ce soyayyar taliya. Ta ce boleh, wato babu matsala, ta ci gaba da hira da ƙawarta. Sai da suka kai ƙarshen labarin ta kunna wuta.

"Waɗannan mutanen ba za su taɓa ci gaba ba," in ji Julius. "Dubi yadda suke zaune. Babu tsari, babu kishin kai. Wari ko'ina."

Yana rufe baki ya ɗaga waya, ya saki fuska, ya gaya wa masu kallonsa cewa ya iso wata aljannar duniya da babu wanda ya san ta, inda lokaci ya tsaya cik, mutanenta kuma masu sauƙin kai. Ya matsar da kwanon sharar ƙashin kifi da ƙafa don kada ya fito.

Rachael ce kaɗai take kallon garin. Ta nuna mini wani tsuntsu mai ƙaton baki a kan wayar lantarki, irin cilakowa amma ya ninka namu girma. Ta tsaya wajen matan da suke tsince kifi a tire, ta yi musu ɗan guntun Malayancinta, suka yi dariya suka ɗebo mata ta ɗanɗana. Julius ya ce kada ta taɓa, hannunta zai yi wari.

Ƙarfe biyar muka fito. Rachael ta sa farar rigar, ta yi kyau ƙwarai. Julius ya rataya mini kyamararsa, ya koya mini inda zan danna sau uku kamar ni ce ban yi makaranta ba. Muka bi wani lungu tsakanin gidajen katako zuwa inda mai kwale-kwalen da ya yi magana da shi ta waya yake jira.

Sunansa Pak Ubaidullah, siririn dattijo mai farin gemu, ɗaure da zane a ƙugu. Muka same shi zaune a ƙarshen wani dogon dandamalin katako da ya shiga cikin teku, yana shan shayi a leda. Kwale-kwalensa yana nan ƙasa, a kishingiɗe cikin taɓo. Ruwan ya janye ya yi nisa, ya bar ƙaguwa suna yawo.

"Ina ruwan?" in ji Julius.

Dattijon ya nuna can da haɓa. Da ɗan Turancinsa ya ce, "Ya tafi. Zai dawo."

"Yaushe?"

"Bayan magariba. Ka zauna mana."

"Na gaya maka faɗuwar rana nake so!"

"Ka ce ƙarfe biyar. Ga ni ƙarfe biyar."

Na juya baya don kada Julius ya ga bakina. Pak Ubaidullah ya ba shi shawara mai kyau. Ya ce rana ba ta faɗuwa ta wannan gefen, bayan tsauni take zuwa, amma in muka tari motar haya yanzu, minti ashirin za ta kai mu bakin yashi, mu ga faɗuwar rana har mu gaji. Julius ya ƙi. Ya ce kowane ƙaramin mai shafi a can yake ɗaukar nasa, shi a kwale-kwale ya tsara. Ya ce dole ruwan ya dawo. Ya tsaya hannu a ƙugu yana hararar teku.

Muka zauna fiye da awa. Rachael ta tattare farar rigarta ta zauna a kan wata jarka. Inuwar tsauni ta fara rufe garin. Da Julius ya ga haske zai ƙare, ya zo ya raɗa mini cewa a nan za a yi, in tsaya ta yadda tabarmin kifi ba za su fito ba.

Ya kama hannunta ya kai ta ƙarshen dandamalin. Na danna kyamara. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya buɗe akwatin, ya fara jawabin da ya haddace. Ban saurari jawabin ba, Rachael nake kallo. Duk da ta sani tun safe, hannu biyu ta sa ta rufe baki, hawaye suka ɓalle mata. Kafaɗunta suna rawa. Shekara uku na jira ne suke fita. Ni ma idona ya cika, na manta da warin, na manta da haushinsa, na ce a raina wataƙila ni ce ban san mutumin ba.

Ta buɗe baki ta ce, "Eh." A daidai lokacin jirgin fito da yake barin tasha ya saki oda, doguwa, mai girgiza katako.

Julius ya zura mata zoben. Ta faɗa jikinsa tana kuka tana dariya. Matan da suke tsince kifi can baya suka yi tafi. Ya ɗan bubbuga bayanta sau biyu, ya zame, ya taho wurina da sauri.

"Mu gani."

Ya kalla. Ya maido baya ya sake kalla. Fuskarsa ta canza.

"Jirgin nan ya ɓata komai. Ba a jin amsarta. A sake."

Rachael ta yi dariya tana share ido. "Kai dai, Julius."

"Da gaske nake, baby. Haske yana tafiya. Kawo hannun."

Ya kama yatsarta ya murɗe zoben ya fita, ya mayar cikin akwati. Ta tsaya tana kallon yatsar. Na ce, "Julius, ka bar shi haka mana, ya yi kyau." Ya ce ni ban san aikin ba.

Aka sake. Ya durƙusa, ya karanto jawabin kalma da kalma, har inda ya ɗan tsaya ya ja numfashi a na farko, nan ma ya tsaya ya ja. Rachael ta yi murmushin da take yi wa kwastomomi a waya, ta ce, "Eh." Ya sa zoben. Babu wanda ya yi tafi. Ya zo ya karɓi kyamara.

"Murya ta fita," in ji shi. "Amma ba ki yi kuka ba. A na farko kin yi kuka. Kukan ne abin."

"Ya ƙare," in ji Rachael a hankali.

"Ki ƙoƙarta. Sau ɗaya kawai."

Kyamarar ta yi ɗan ƙara a hannunsa ta mutu. Batir ya ƙare, tun safe yake ɗaukar kansa. Ya yi tsaki, ya ce in fito da wayata. Zuwa lokacin mun tara 'yan kallo. Matan kifi sun ajiye tirensu, wasu maza sun fito daga shagon shayi sun jingina da babura, Pak Ubaidullah ya juyo da kujerarsa. Mutanen da ba su da abin yi duk yini, yau an kawo musu wasan kwaikwayo har gida.

Julius ya sake cire zoben. Ya gyara mata tsayuwa, ya ɗaga mata haɓa da yatsa, ya ja baya ya duba ta da ido ɗaya. Sannan ya faɗi maganar da ni har yau ban yafe masa ba.

"Ki tuna wani abin baƙin ciki. Ki tuna da Babanki."

Bara mahaifin Rachael ya rasu. Ba ta samu zuwa jana'iza ba, takardunta suna ofishin shige da fice ana sabuntawa. A wayata ta kalli yadda aka sa shi a kabari, tana zaune a ƙasan kicin ɗinmu, hoton yana tsinkewa. Kwana huɗu ina yi mata ɗura kamar jaririya. Julius ya san wannan, don ranar ya zo, ya zauna minti talatin ya tafi.

Na sauke wayar. Rachael ta kalle ni ta ce, "Ɗauka, Anita." Muryarta ba ta rawa. Na ɗaga.

Ya durƙusa karo na uku. Ya karanto jawabin, ya tsaya ya ja numfashi a inda ya saba. Ya miƙo akwatin. Rachael ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi gwiwar wandonsa da ta yi baƙi da dattin katako. Ta bar hannuwanta a gefenta.

"A'a, Julius."

Ya ɗago. "Ba haka za ki ce ba."

"Haka zan ce."

"Rachael, haske yana tafiya, ki bar wasa."

"Na ce maka eh ɗazu, da dukan zuciyata. Ka cire ka mayar a akwati. To ka riƙe abinka."

Ta ratsa ta gefensa ta wuce. Takalminta yana ƙara a kan katako, 'yan kallo suka buɗe mata hanya. Ba ta ma sha wahalar mayar da zobe ba, tun da shi da hannunsa ya cire. Julius yana nan a durƙushe da akwati a buɗe, yana kallon inda ta tsaya. Babu mai motsi. Sai Pak Ubaidullah ya leƙa ƙasan dandamalin, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ruwa ya fara dawowa. Za a tafi?"

Na bi Rachael. Na same ta a kedai ɗin dattijuwar nan, zaune tana fuskantar teku. Labari ya riga mu zuwa, don matar da ta sa muka jira taliya da rana, yanzu ba mu nemi komai ba ta ajiye mana shayi mai zafi da soyayyar ayaba, ta dafa kafaɗar Rachael, ta koma ciki. Ana kiran sallar magariba daga wani masallaci a bakin ruwa. Jiragen masunta suna kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya.

Na yi zaton za ta yi kuka. Ba ta yi ba. Ta cinye ayabar tas.

"Kin san abin da ya fi ba ni haushi?" in ji ta. "A na biyun ma na ce eh. Yana cire mini zobe a gaban mutane, na tsaya na sake cewa eh. Da bai ambaci Baba ba, da na ce na uku. Da na aure shi, Anita."

"Da kin aure shi da mai kyamara a ɗaki."

Ta yi dariya har ta ƙware.

Julius ya zo ya tsaya a ƙofar kedai. Ya ce ta ba shi kunya a gaban baƙi, ya ce ta yi tunanin irin wahalar da ya sha wajen shirya tafiyar nan. Ya ce shi ya yafe mata, gobe da asuba rana za ta fito ta wannan gefen, hasken ma ya fi kyau. Rachael ba ta juyo ba. Dattijuwar ta fito da tsintsiya ta fara share daidai inda yake tsaye, har ya matsa, ya ƙara matsawa, ya sami kansa a titi.

Washegari Lahadi, da muka fito, tsohon Basinen ya nuna mana tasha da hannu, ya ce abokinmu ya bi jirgin farko. Muka ce Allah ya kiyaye hanya. Rachael ta ce ita ba za ta yi sauri ba, sai ta ga garin. Muka bi titin nan guda ɗaya daga farko har ƙarshe, muka shiga wani rumbu inda ake gina jirgin katako da hannu, mutum uku suna aiki, biyar suna kallo. Muka tsaya muka ga yadda ake sauke kifi daga jirgi ana zubawa a tukwanen ruwan zafi. Rachael ta sayi busasshen kifi leda biyu, ta ce miyar kuka za ta yi da shi. Ni dai ra'ayina bai canza ba, gari ne mai wari wanda ba ya tashi daga barci. Amma babu wanda ya kalle mu da tsegumi, duk da kowa ya san mu. Wata mata ma ta ɗaga wa Rachael babban yatsa daga kan babur.

Muna cikin bas ɗin komawa, mun wuce rabin hanya, wayar Rachael ta fara ƙara. Saƙo na bin saƙo. Ta duba, ta miƙo mini.

Julius ya saki bidiyon. Na farkon, mai kukan. Ya ɗora kiɗa mai taushi a kai, ƙarar jirgin ta ɓace gaba ɗaya, ya rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa ta amince. Ashe ana iya rufe odar jirgi da kiɗa. Ashe tun farko babu abin da ya lalace. Bidiyon ya yi kyau ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba, ni na ɗauka. Ko kifi ɗaya bai fito ba.

Mutanen cocinmu suna ta barka. 'Yan ajin Rachael na sakandare suna ta barka. Matar Fasto ta aiko da addu'a mai tsawon minti shida. Na kira Julius, na ce ya sauke abin nan yanzu. Ya ce in kwantar da hankalina, Rachael fushi take yi, za ta huce, kuma mutum dubu goma sha ɗaya sun riga sun kalla, bai taɓa samun haka ba.

Muna shiga Kuala Lumpur, dogayen benaye sun fara bayyana, mahaifiyarta ta kira daga Pankshin. Ƙanwar Rachael ce ta nuna mata. Rachael ta riƙe hannuna, ta ɗauka, ta buɗe murya yadda zan ji.

"Rachael, mene ne wannan nake gani? Mutane sun cika mini gida daga fitowa coci."

"Mama, ki yi haƙuri. Na fasa." Ta ba ta labarin duka, ba ta rage komai ba, har maganar Baba. Can ɓangaren ana jin kukan kaji.

"Ya ce ki tuna da Babanki don ki yi kuka a hoto?"

"Eh, Mama."

"To. Bari in tambaye ki. Mutanensa sun zo gidan nan?"

"Ba su zo ba."

"Kawunki ya ga wani da goro ko da akuya?"

"A'a."

"To me kika fasa? Ni ban ga an fara komai ba. Yaro ya durƙusa a kan katako a ƙasar mutane, shi ne aure? Ki ci abinci ki kwanta. Waɗannan da suka zo barka ni zan sallame su."

A nan ne Rachael ta yi kukan da ba ta yi a tsibiri ba. Ta kifa kai a cinyata har muka shiga tasha.

Sati biyu bidiyon yana nan. Sai da Fasto ya kira Julius ofis, bayan Rachael ta tashi a taron zumuntar mata ta ce kowa ya mayar da barkarsa, sannan ya sauke. Ya koma zama a ɗaya gefen cocin, kusa da masu kiɗa. Na ɗauka kunya za ta sa ya daina gaishe ni. Ina! Wata Lahadi bayan sujada ina jiran mota a bakin titi, sai ga shi da fara'a.

"Sista Anita, wata alfarma. Na ukun nan, yana wayarki har yanzu?"

"Me za ka yi da shi?"

"Ina so in ba da labarin abin da ya same ni. Yadda aka yaudare ni. Mutane suna son irin wannan, ya fi na farin ciki tafiya."

Na dube shi sosai, ina neman alamar wasa a fuskarsa. Babu. Na ce, "Julius, ka je ka sake durƙusawa wa wata, ka tafi da cikakken batir." Motata ta iso na shige.

Da na koma gida na gaya wa Rachael. Tana tsaye a kicin tana kaɗa miya. Ta goge hannu ta ce in nuna mata, ba ta taɓa gani ba. Muka tsaya a jikin firji muka kalla. Ga ta a farar riga, hannuwa a gefe, kai a ɗage, ga shi a ƙasa da akwati. Iska tana kaɗa, amma muryarta ta fita sarai.

"Ashe haka nake tsayawa idan raina ya ɓaci," in ji ta. "Sak Mama."

Ta miƙo mini wayar ta ce in goge. Na goge a gabanta. Ta ɗanɗana miyar, ta ce gishiri bai ji ba, in miƙo mata.